Su Wa Suka Zauna A Kujerun Kotun Duniya?

  Yau ba maganar girki ko ɗinki na zo da ita ba. Wata tambaya ce aka yi mini a aji, ta hana ni barci, na ga ya kamata in kawo ta nan mu duba tare.

A makarantar da na ke koyarwa a nan Dakata akwai wata yarinya 'yar aji shida. Ba ta fi sauran ƙwazo a lissafi ba, amma Allah ya ba ta wani abu guda. In faɗa ya tashi tsakanin 'yan aji a kan fensir ko wurin zama, wurinta a ke zuwa kafin a zo wurina. Ta kan bar kowa ya gama maganarsa, ta tambayi wanda ya ga abin da idonsa, sa'an nan ta faɗi wanda ke da gaskiya, ko da kuwa ƙawarta ce ba ta da ita. Har 'yan ajin suka sa mata suna Alƙaliya. Ran nan muna darasi a kan Majalisar Ɗinkin Duniya, na ambaci Kotun Duniya, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, su wa ke zama a wannan kotu? Akwai baƙar fata? Akwai mace?"

Na ba ta amsa gwargwadon abin da na sani, na kuma yi mata alkawari zan bincika. Da na bi sunayen alƙalan nan ɗaya bayan ɗaya, tun daga na fari, sai na ga ashe jerin sunayen nan labari ne sukutum. Ga abin da na samo.

Yadda kotun ta ke

Kotun Duniya tana birnin Heg, a ƙasar Holan, cikin wani babban gini da a ke kira Fadar Zaman Lafiya. An buɗe ginin cikin 1913, da kuɗin wani attajirin Amurka, Andrew Carnegie. Kotun da a ke da ita yanzu ta fara aiki cikin 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta gaji wata da ta zauna a ginin tun 1922. Ba ta sauraron ƙarar ni da ke. Ƙasa da ƙasa ne kaɗai ke gurfana a gabanta, a kan iyaka, ko ruwa, ko karya alkawarin da suka ƙulla. Kada a haɗa ta da ɗaya kotun da ke birnin, mai hukunta mutanen da suka yi manyan laifuffuka a lokacin yaƙi. Wannan dabam ta ke.

Alƙalanta goma sha biyar ne, kuma ba a yarda biyu su fito daga ƙasa ɗaya ba. Kowane ya kan yi shekara tara, ana kuma iya sake zaɓensa. Bayan kowace shekara uku a kan yi zaɓen kujeru biyar. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya jefa ƙuri'a a gefe guda, Kwamitin Sulhu ya jefa a nasa gefen, sai wanda ya sami rinjaye a duka biyun ya ke hawa kujera. In ƙasa tana da shari'a kuma ba ɗanta a cikin alƙalan, tana da izini ta kawo alƙali guda na wucin gadi, ya zauna don wannan shari'a kaɗai. Da Turanci da Faransanci a ke yin aikin. Kowane alƙali kuwa sai ya yi alkawari a bainar jama'a cewa zai yi hukunci ba son kai, watau ba wakilin ƙasarsa ba ne, ko da ita ce ta kawo shi.

Sa'ad da aka zaɓi rukuni na fari cikin 1946, yawancinsu daga ƙasashen Turai da nahiyar Amurka suka fito. Daga Afirka duka mutum ɗaya ne, Abdul Hamid Badawi na Masar. Ba abin mamaki ba ne, gama a lokacin mu nan muna hannun Ingila, maƙwabtanmu na Nijar suna hannun Faransa. Baƙar fata na Afirka bai sami kujera ba sai 1964, da Isaac Forster na Sanagal ya shiga kotun. Mace kuwa, ko zancenta ba a yi.

Ranar da kujera ɗaya ta juya shari'a

Wata za ta ce, to, in dai alƙali adali ne, ina ruwanmu da inda ya fito? Ku saurari abin da ya faru cikin 1966.

Ƙasar da mu ke kira Namibiya yau, a da amana ce aka damƙa wa Afirka ta Kudu ta riƙe. Turawan Afirka ta Kudu suka kai mata mulkinsu na wariyar launin fata. Cikin 1960 sai Habasha da Laberiya suka kai ƙara Heg a madadin mutanen ƙasar, suka kuma ɗauko wani ɗan Nijeriya, Sir Louis Mbanefo, ya zama alƙalinsu na wucin gadi. Aka yi shekara shida ana ta fafatawa. Kafin a kai ƙarshe, Badawi na Masar ya rasu cikin 1965, wani alƙali daga ƙasar Peru ya kwanta ciwo, Zafrullah Khan na Pakistan kuma bai zauna shari'ar ba. Ran 18 ga Yuli 1966 aka ƙirga ra'ayi, bakwai nan, bakwai can. Bisa ga dokar kotun, in an yi kunnen doki shugaba ne ke raba gardama. Shugaban a lokacin, Sir Percy Spender na Ostareliya, ya jefa ƙuri'arsa, aka ce Habasha da Laberiya ba su da hurumin kawo wannan ƙara. Ko kan maganar zaluncin ba a taɓa ba. Forster da Mbanefo suna cikin bakwai ɗin da suka ƙi yarda.

Ku duba fa. Da ɗaya daga cikin kujerun nan uku ba ta zama wofi ba, wataƙila da labari ya sha bamban. Ƙasashen Afirka da na Asiya suka fusata ƙwarai, suka gane ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Daga nan suka sa ido sosai a kan zaɓen alƙalai, har aka saba da ba Afirka kujeru uku. Cikin 1971 aka sake kawo maganar Namibiya a gaban kotun, alƙalai 13 suka ce zaman Afirka ta Kudu a ƙasar haram ne, 2 kaɗai suka saɓa. Cikin shekaru biyar ɗin nan, da yawa daga cikin masu zama sun sake. Namibiya ta sami mulkin kai cikin 1990.

'Yan Nijeriya uku

A zaɓen da ya biyo bayan hukuncin 1966 ne ɗan Nijeriya na fari ya shiga, Charles Dadi Onyeama, mutumin ƙasar Inugu. Ya zauna daga 1967 zuwa 1976, kuma da shi aka yi hukuncin 1971.

Wanda ya gaje shi, shi na fi so 'yan makaranta su riƙe labarinsa. Sunansa Taslim Olawale Elias, haifaffen Ikko cikin 1914. Da ya gama sakandare bai sami hanyar wucewa gaba nan da nan ba, sai ya kama aikin akawu a reluwe, ya yi shekaru yana aiki da rana, yana karatu da dare. Daga baya ya tafi Ingila ya karanta shari'a, har ya kai ga digirin dakta a Jami'ar Landan cikin 1949. Shi ne Antoni Janar na Nijeriya sa'ad da aka sami mulkin kai cikin 1960. Ya zama Babban Jojin Nijeriya cikin 1972, gwamnatin soja ta sauke shi cikin 1975. Wani da ya zauna gida yana ƙunci, amma shekara ta zagayo ta same shi a Heg. Cikin 1982 sauran alƙalai suka zaɓe shi shugabansu, ya riƙe har 1985. Shi ne ɗan Afirka na fari da ya shugabanci kotun. Yana kan kujerar alƙalanci Allah ya yi masa rasuwa cikin 1991.

Na uku shi ne Bola Ajibola, mutumin Abeokuta, wanda ya ƙarasa wa'adin Elias daga 1991 zuwa 1994. Bayansa kujerar ta koma hannun Abdul Koroma na Saliyo, aka yi fiye da shekara talatin ba ɗan Nijeriya a cikin goma sha biyar ɗin. Kujerar nan ba gadon gidan kowa ba ce. Ingila ma, da ba a taɓa rasa ɗanta a kotun ba tun 1946, ta rasa kujerarta a zaɓen 2017, Rasha kuma ta rasa tata a na 2023.

Kada ku ce abin da a ke yi a Heg bai iso ƙofar gidanmu ba. Cikin 1994 Kamaru ta kai Nijeriya ƙara a kan iyaka, aka yanke hukunci ran 10 ga Oktoba 2002. Kowa ya san maganar Bakasi, wadda aka gama miƙa wa Kamaru cikin 2008, amma hukuncin ya taɓa Arewa ma. A bakin Tafkin Chadi, garin Darak da ƙauyuka sama da talatin, inda masunta Hausawa da Barebari suka daɗe suna kamun kifi, sun koma ƙarƙashin Kamaru cikin Disamba 2003. Duk wadda ta taɓa sayen bandar kifin Chadi ta sa a miya, hannunta ya taɓa wannan shari'a. Ajibola ne ya zauna wa Nijeriya a matsayin alƙalin wucin gadi, shi da Koroma suka saɓa wa hukuncin, amma rinjaye ya tafi ɗaya gefen. Abin ya yi wa mutane da yawa ciwo, amma dai ba a kai ga yaƙi ba. Haka nan maƙwabtanmu na Nijar da Binin suka kai rigimarsu ta tsibirin Lete, a tsakiyar kogin Kwara, cikin 2005 aka ce na Nijar ne.

To, ina mata?

Yanzu ga amsar tambayar ɗalibata ta ƙarshe. Tun daga 1946 aka yi ta zaɓe, ana sauka ana hawa, maza zalla. Cikin 1985 wata malamar jami'a Bafaranshiya, Suzanne Bastid, ta zauna a matsayin alƙaliyar wucin gadi a wata shari'a tsakanin Tunisiya da Libiya, da aka gama ta tashi. Sai cikin 1995, watau bayan shekara 49, aka zaɓi mace ta fari ta zama cikakkiyar alƙaliya, Rosalyn Higgins ta Ingila, wadda ita ma koyarwa ta ke yi a jami'a. Cikin 2006 ta zama shugabar kotun, har 2009.

Bayanta aka sami Xue Hanqin ta ƙasar Sin da Joan Donoghue ta Amurka cikin 2010. Donoghue ma ta yi shugabanci daga 2021 zuwa 2024. Cikin 2012 mace ta fari daga Afirka ta shiga, Julia Sebutinde ta Yuganda, wadda ta riga ta yi alƙalanci a ƙasarta, ta kuma zauna a shari'ar Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya. Sai Hilary Charlesworth ta Ostareliya cikin 2021, da Sarah Cleveland ta Amurka cikin 2024. Ku ƙirga da yatsu. Daga 1946 zuwa 2024 sama da mutum ɗari sun hau kujerun nan, mata shida ne kacal a cikinsu.

Ba zan ɓoye muku ba, zaman mace a kujera ba ya nufin kullum za ta yanke abin da ranmu ke so. Cikin Janairu 2024, bayan Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila ƙara a kan Gaza, Sebutinde ita kaɗai ce ta ƙi amincewa da ko ɗaya daga cikin umarnin gaggawa da kotun ta bayar, har gwamnatin Yuganda ta fito ta ce ra'ayin nan ba nata ba ne. Mutane da yawa a nan Kano ba su ji daɗi ba, ni ma ina cikinsu. Amma alƙali, mace ko namiji, ya kan yi daidai, ya kan kuma yi kuskure. Abin da na ke cewa shi ne, in masu zama suka fito daga gida ɗaya, akwai abubuwan da ba za su taɓa gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Ga misali daga ƙasar Hausa. Ƙasashen Afirka ta Yamma suna da kotunsu a Abuja, ƙarƙashin ƙungiyar ECOWAS, ita kuwa tana karɓar ƙarar talaka a kan gwamnati. Da aka rantsar da alƙalanta na fari cikin 2001, mace ce ta zama shugabarsu, Hansine Donli, daga Babbar Kotun Jihar Kaduna. Cikin 2007, lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar, wata baiwar Allah daga wajen Birnin Ƙonni, Hadizatu Mani, ta kai ƙara. An sayar da ita cikin 1996 tana 'yar shekara 12, a kan sefa 240,000, ta yi shekara tara tana bauta. Da ta sami takardar 'yanci ta auri wanda ta ke so, sai aka ce ta yi aure kan aure, aka kai ta kurkuku. Alƙalai uku suka tafi Yamai suka saurare ta da bakinta. Biyu mata ne, Aminata Malle Sanogo ta Mali, wadda ta shugabanci zaman, da Awa Nana Daboya ta Togo. Ran 27 ga Oktoba 2008 suka ce bauta ce aka yi da ita, hukuma kuma ta gaza kare ta, a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ban ce da maza ne zalla ba za su yi adalci ba, na ukunsu ma namiji ne, kuma bakinsu ɗaya. Amma ku tuna da halin macen karkara da ba ta taɓa shiga aji ba, an ce ta tashi ta faɗi abin da aka yi mata tun tana yarinya, ta ɗaga kai ta ga mace ce a kan kujera.

Daga Dakata zuwa can

Kada wata ta fahimce ni a baibai. Ba kujerar alƙalin kotun Musulunci na ke magana a kai ba, wannan fagen malamai ne, ba nawa ba. Ina magana ne a kan kotunan da a ke kai ƙasarmu, a ke kai 'yan'uwanmu, ko muna ciki ko ba ma ciki.

Hanyar kuwa ba a rufe ta ke ba, gama a nan Kano aka taɓa bin ta. Aloma Mariam Mukhtar ita ce mace ta fari daga Arewa da ta zama lauya. Cikin 1977 aka naɗa ta joji a Babbar Kotun Jihar Kano, ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara cikin 1987, ta kai Kotun Ƙoli cikin 2005. Daga 2012 zuwa 2014 ita ce Babbar Jojin Nijeriya, kujerar da Elias ya zauna kafin ya tafi Heg. Daga irin wannan matsayi, da kuma daga cikin malaman jami'a, a ke tsamo alƙalan kotunan duniya. Ku lissafa da kanku. Daga aji shida zuwa irin wannan kujera tafiyar shekara arba'in ce ko fi. Wadda za ta zauna a can nan gaba, yau tana aji shida a wata unguwa.

Abin da ya hana ni barci ke nan. Na je gidan su ɗalibar tawa don in kai mata amsa, na tarar da mahaifiyarta tana ƙulla abincin sayarwa. Maigidan ya yi shekaru yana aiki a wata masana'anta a Bompai, aka rufe ta, kamar yadda aka rufe waɗansu da dama a can da Sharaɗa da Challawa. Tukunyar nan ita ke riƙe da gidan. Bayan mun gaisa ta ce, "Malama, in ta gama aji shida sai ta huta haka nan. Wa zai riƙa kai mini abincin nan bakin kamfani?"

Na ce, "Inna, ban zo in koya miki riƙon gida ba, kin fi ni sanin nauyin da ke kanki. Roƙo na zo yi. A bar ta ta rubuta jarrabawar shiga sakandare tukuna. In ta ci, mu zauna da babanta mu ga yadda za a yi da tallan, ko a mai da shi yamma, ko a sami wani yaro ya riƙa kaiwa." Ta yi shiru, ta ce za ta yi shawara da maigida. Har yanzu da na ke rubutun nan ina jiran amsa, ina kuma roƙon Allah.

Ban yi mata alkawarin 'yarta za ta je Heg ba. Kujerun goma sha biyar ne rak, ga duniya baki ɗaya. Amma yarinyar da aka bari ta kama hanyar, ko ba ta kai ƙarshe ba, za ta tsaya a wani wuri mai amfani. Za ta iya zama lauya, ko majistare, ko magatakardar kotu, ko malama, ko kuwa uwar gida da ba wanda zai sa ta dangwala yatsa a takardar da ba ta karanta ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ga abu uku. Ku riƙe Turanci da kyau, wadda kuma ta sami hanyar koyon Faransanci kada ta yi wasa da ita, ga Nijar nan kusa da mu. Ku riƙa karanta jarida kuna duba taswira, don ku san ƙasashen da a ke magana a kansu. Na uku, wanda ya fi su duka, ku koyi yin shiru har mai magana ya gama, ku kuma faɗi gaskiya ko da a kan ƙawarku ce. Wannan ba sai an je jami'a a ke koyonsa ba, tun daga tsakar gida a ke farawa, kuma iyaye mata su ne malamansa.

Duk wadda ta taɓa samun kanta a irin halin da wannan uwa ta ke ciki, ta kuma sami dabarar da ta haɗa talla da makaranta ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba, ta rubuto wa wannan fili mu ƙaru da ita. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙon amanarsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.